Rinin kan sandar lakros da daurin raga: wa ya taba yi da hannunsa?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen wadanda yaransu ke buga wasan nan na lakros, wanda ake jifa da cafe kwallo da sanda mai raga a kai. Mu muna nan gefen Baltimore, kuma duk wanda ya zauna a Maryland ya san yadda wasan nan yake a wajensu, tun 2004 ma jihar ta ayyana shi a matsayin wasanta na kungiya. Yarona shekararsa 14, bana aka dauke shi a tim din makaranta. Ranar Asabar da ta wuce ya ci kwallonsa ta farko, wallahi ina tsaye bakin fili har na daga hannu ina kabbara, sai kawai alkalin wasa ya karbi sandarsa ya sa kwallo a ragar ya daga ta daidai idonsa, yace aljihun ya yi zurfi. Aka soke kwallon aka fitar da shi ya zauna. A mota har muka iso gida bai ce min uffan ba, sai hawaye. Kuma kudi na biya a wani shago aka daura min ragar nan wata biyu da suka wuce. Toh yanzu na sayi sabon kai fari, wato robar saman sandar da ake daura wa raga, ina so ni da shi mu zauna mu daura da hannunmu, shi kuma ya dage sai an rina masa kore fari kore. Ta ina ake farawa, rini ko dauri? kuma rinin baya lalata robar?

Alhaji na Bronx:
Wa alaikumus salam. Malam ni dai shawarata ka bar zancen rinin nan, yaro ya je ya koyi wasa, kala bata cin kwallo. Abu ka saya kusan dala dari sannan ka dauka ka jefa a tafasasshen ruwa? ka koma shagon su gyara maka aikinsu kawai.

Koci Bash:
Sannu Baban Khalifa, ka gaishe min da dan namu, ka ce masa duk wanda ya dade a wasan nan an taba kama sandarsa. Amsa a takaice: rini tukuna, dauri daga baya. Kai tsirara ake rinawa babu zare ko daya a jikinsa, in ka tsoma da raga zata sha kala ta kuma takure.
Game da shagon kuma ba lallai ne laifinsu ba, zai iya yiwuwa ranar da suka baka daidai take. Raga sabuwa mikewa take, wata biyu yana jifa yana cafewa, balle in ruwan sama ya taba dukansu a fili, sai aljihun ya rika sauka a hankali ba tare da yaro ya lura ba, shi dadi ma zai rika ji saboda kwallo ta daina fado masa. Dokar maza ita ce in aka rike sanda a kwance aka sa kwallo, kada a hango saman kwallon ta kasan robar gefen kan, da zarar haske ya bayyana tsakanin saman kwallo da robar toh an karya doka. Wannan gwajin a kicin ma zaka yi shi cikin dakika biyar, kuma ya kamata ya zama dabi'arsa duk daren da gobe wasa. Gyaransa kuwa zaren kasa ne kawai zaka kwance ka ja kadan ka sake kullewa. Shi yasa nake gaya wa iyaye kullum, yaron da bai iya taba ragarsa ba kamar direba ne da bai iya canza taya ba.

Dan Karofi:
Ikon Allah, wai rini har a sandar wasa. Ni gidanmu marina ne, kakana a karofin Kofar Mata ya tsufa, wajen da aka rubuta 1498 a jikin kofarsa, ni kaina na yi shekaru ina tsoma hannu kafin boko ya dauke ni. Koci da wane irin baba ake yi? don na san shuninmu bazai kama roba ba ko shekara zata yi a rijiya.

Koci Bash:
Yayana ai ku ne malaman. Bazai kama ba kam. Kan sandar da nailan ake yinsa, shi kuma nailan sai ya ji zafi yake bude jiki ya sha kala. Galurar da aka fi amfani da ita anan sunanta Rit, akwai ta gari akwai ta ruwa, akwai kuma wadda suka yi musamman don kayan roba wato Rit DyeMore, ni ita nake saya. Zaka wanke kan da sabulun wanke-wanke sosai ko sabo ne, saboda maikon hannu kadai ya isa ya sa kala tayi dabbare-dabbare. Ka samu tsohuwar tukunya babba wadda ba za a sake girki da ita ba har abada, wannan ba wasa bane, ka dora ruwa ya yi zafi har ya kusa tafasa sai ka rage wuta, ka zuba galura ka gauraya har ta narke tas. Kan kuma ka daure shi da waya ka rike, kada ka sake shi ya kwanta a gindin tukunya, nan ne mutane ke asara, robar na taba karfe mai zafi zata lankwashe ko ta narke a wajen. Mintuna kadan ne, kana dagowa kana dubawa, in kalar ta kai yadda kake so ka kai shi karkashin famfon ruwan sanyi har sai ruwan ya fita garau. Ka bude taga, ka sa safar hannu.

Dan Karofi:
Toh kaga bambancin kenan, namu a sanyi yake, baba da toka da katsi a rijiya ana jira ya nuna, ka tsoma zane ka dago shi kore-kore iska ta buge shi ya koma shudi a gaban idonka. Naku wuta ce ke aikin. Amma ka'idar marini daya ce ko'ina: daga mai haske ake tafiya zuwa mai duhu, baki baya komawa fari, kuma abu in yana jike ya fi duhu a ido, sai ya bushe zaka ga gaskiyarsa. Baban Khalifa in kore fari kore kake so ni a ganina ba sai ka rufe komai ba, ka tsoma bakin kan zuwa kashi daya cikin uku ka rike hannunka cak, ka dauraye, ka juya ka tsoma wuyan shi ma haka, tsakiya ta zauna fara. In kana so koren ya rika shiga farin a hankali kamar gari na wayewa sai ka rika dan nutsa shi kana dagowa, inda ya fi dadewa a ruwa ya fi duhu.

Koci Bash:
Wallahi abinda muke yi kenan sak, haka ake yin mai shudewar nan. Kari daya kawai, tururi da fantsama suna iya bata farin, don haka ni ina nade tsakiyar da tef din masu wayarin lantarki in danne shi sosai da farce, musamman wajen ramukan gefe, ta nan ruwa ke satar hanya.

Maman Hanifa:
Salam alaikum. Ni daga Ontario nake, yata ce ke bugawa shekara hudu kenan. Na ga Alhaji yace kala bata cin kwallo, gaskiya ne Alhaji amma bari na fada maka abinda na gani da idona. Shekarar farko yarinyar nan ita kadai ce mai hijabi a tim, sandarta kullum a bayan mota take kwana, sai na yi ta fada kafin ta fita atisaye. Wata ranar hutu muka zauna ni da ita muka yi mata rinin nan na gam, wato ka dauki bindigar gam mai zafi ka zizzara shi a jikin farin kai kamar kana zanen lalle, ya bushe, ka tsoma a ruwan hoda, ka fito ka kara zizara wani gam din a kan ruwan hodar, sannan ka tsoma a shudi mai duhu. In an gama sai ka sa kan a firiza na dan lokaci gam din ya kankare, sai ya rika ballewa da kansa kana bambarewa da farce, duk inda ya rufe kalar farko na nan daram. Awa biyu muka yi muna bambara muna hira. Washegari yara suka zagaye ta a fili wa ya yi miki wa ya yi miki, tace ni da mamana. Tun daga ranar sandar nan a dakinta take kwana, kuma ban sake ce mata tashi ki je ki jefa a bango ba. Don haka ni bana raina rini.

Dan Karofi:
Hajiya wannan ai shi ne aikin kulli da matan unguwarmu ke yi, su daure zane da zare inda basa so baba ya shiga. Ku gam, su zare. Allah Ya yi wa Hanifa albarka.

Alhaji na Bronx:
Amin. Hajiya na ji kuma na yarda da wannan bangaren. Amma har yanzu ba a bani amsa ba, robar bata yin laushi? Dan makwabcina ya rina nasa bai yi wata uku ba ya karye a gefe.

Koci Bash:
Alhaji tambayarka a kan hanya take. Nailan yana shan ruwa, in ya dade a ruwan zafi yana dan yin laushi, wannan na gani da hannuna, shi yasa bana barin kai ya wuce yan mintuna kuma bana son rinin da sai an tsoma sau biyar sau shida. Amma rini daya ko biyu da aka yi da hankali ban taba ganin ya kashe kai ba, na yi sama da talatin. Abinda ya fi karya su shi ne sanyin farkon kakar wasa, Fabrairu da Maris, roba ta kankare a doke ta da sanda, sai kuma barinsu a but din mota da zafin bazara. Sai dai a duba takardar garanti kafin a tsoma, kamfanoni da yawa basa karbar kan da aka rina in ya karye. In yaro mai tsaron baya ne da ke dukan sandar mutane duk wasa, ko mai kokawar kwallon tsakiya, ni nakan ce ya hakura ya bar shi fari. Baban Khalifa ina yaronka yake bugawa?

Baban Khalifa:
Gaba yake bugawa Koci, gajeriyar sanda. Dama yace min tsawonta inci 40 zuwa 42 ne doka, ta masu tsaron baya ce ke kaiwa har 72. Toh rini na gane Alhamdulillah, Allah Ya saka. Saura babban aikin, jiya na bude ledar ragar na ga zaruruwa kala-kala na rasa wanne ne na ina.

Koci Bash:
Toh zauna da kyau Malam, nan ne wasan yake gaba daya. Abu biyar ne a ledar: ragar kanta, zaren sama da na gefe da na kasa (siraran nan), sai igiyoyin harbi masu fadi kamar igiyar takalmi da ake gittawa a jikin ragar. Ragar yan fili ido goma ce, in ka mike ta zaka ga layi daya ido tara layi na gaba ido goma haka har kasa, ta gola ce ta fi fadi. Farko ka ja ta da hannu ta bude sosai, ka ninke ta a layin ido tara, wannan ninkin shi zaka daure a bakin kan da zaren sama, ka tabbata idon tsakiya ya zauna daidai tsakiyar bakin, kuma ka ja shi tamau kamar fatar kalangu, in sama ta yi sako-sako duk abinda ka gina a kasa banza ne, kwallo zata rika bugun leben robar in zai jefa.
Sai gefe. Idanun farko guda uku ko hudu ja zaka yi kasa da karfi kana tsallake ramukan robar kana kullewa, wannan jan shi ke sa tsakiyar ragar ta yi kwari kamar hanyar ruwa, ta nan kwallo zata rika bi ta fita a mike. Daga nan inda kake so aljihu ya zauna sai ka sassauta, ka rika tara ido biyu a rami daya, ragar zata yi tumbi a wajen. In tumbin yana kusa da wuya kwallo na kwanciya lafiya in yaro ya rike sanda da hannu daya a tsaye, yan gaba da yawa haka suke so. In yana sama kusa da baki ya fi rike kwallo wajen harbi amma yana finciko ta kasa, sai gwani. Dan shekara 14 ni tsakiya nake masa, ya koyi jifa mai tsafta tukuna. Abinda kayi a dama ka rubuta a takarda, rami na nawa kulli iri kaza, ka maimaita a hagu ba kari ba ragi, in ba haka ba aljihun zai karkace jifa ta rika tafiya gefe yaro ya dauka hannunsa ne.
Zaren kasa shi ne na zurfi, kada ka yanke shi gajere ka bar abin gyara. Igiyoyin harbi biyu sun isa, ta sama ta fi tauri ta kasa ta fi sassauci, kuma dukkansu kada su wuce inci 4 daga saman bakin, a jami'o'i tun 2013 aka sa wannan dokar ta kashe irin daurin da ake yi da kamar harafin U ko V, daga baya sakandare ma suka bi. Karshe duk bakin zaren da ka yanke ka dan kona shi da laita ka murza kada ya warware. Sannan ka juya sandar ka ga kwallo na fadowa da kanta, in ta makale shi ma laifi ne.
Na farko bazai yi kyau ba, ka kwance ka sake, zare ne ba siminti ba.

Maman Hanifa:
A kula dai na mata daban ne, kada wata ta karanta wannan ta je ta daura wa yarta haka. Su dole a ga saman kwallon ya leko saman gefen, aljihunsu bashi da zurfi ko kadan, kuma kafin a fara wasa ake jera su a duba sandar kowa. A Amurka ma sai 2018 aka yarda musu da raga, da duk fata da zare ne.

Dan Maradi:
Salamu alaikum, tun dazu ina karatu ban sa baki ba. Ni a Montreal nike, kuma ina so in tuna muku wasan ga yana da masu shi. Ketaren kogi daga inda nike akwai Kahnawake, garin Mohawk, daya daga cikin kabilu shida na Haudenosaunee yan asalin kasar nan, su wasan Mahalicci suke ce mishi, ana bugawa don neman lafiyar marar lafiya, ana sa ma jariri karamar sanda a shimfidarsa, wani in ya mutu da sandarsa ake rufe shi. Bature likitan hakori William George Beers a nan Montreal ya rubuta mishi dokoki a 1867, amma ya tarar da shi ne. Sandarsu ta icen hickory ce, a tsaga a bari ya bushe a turara a lankwasa, wata da watanni kafin guda ta kammala, sannan a saka ragar da fata. Alf Jacques na kabilar Onondaga da ya rasu a 2023 rayuwarshi duka wannan aikin ya yi. Kan roba sai 1970 kamfanin STX ya fito da shi, a garinku ma Baltimore Baban Khalifa. Ni da za a bi tawa yaro ya koyi daurin gargajiya, fata hudu a tsaye a saka zare tsakaninsu, akwai masu yinshi har yanzu a kan roba. Na taba rike irinta, yadda kake jin kwallo a hannunka daban ne wallahi.

Koci Bash:
Dan uwa duk abinda ka fada haka yake, kuma na ji dadi da ka kawo shi, ina gaya wa yarana wannan tarihin ranar farko ta atisaye. Amma fata ga mai koyo a'a. Tana bukatar makonni kafin ta kwanta, ruwa ya taba ta ta mike, ta bushe ta kankame, kullum kana cikin gyara, yaron da aka riga aka kama shi da zurfin aljihu ba ita zan ba shi a tsakiyar kakar wasa ba. Ragar yanzu ruwa baya damunta sosai. Ya fara da raga, in hutu ya zo ya samu tsohon kai ya koyi ta fata a natse.

Dan Maradi:
A haka kowa ke cewa in hutu ya zo, shi ya sa masu iyawa ke karewa. Amma na yarda ba a tsakar kaka ba. Baban Khalifa in ya shirya ka yi min magana, ina da tsohon kai da fata zan aiko mishi kyauta.

Alhaji na Bronx:
Wai ma tsaya, wasan nan yana da gaba kuwa ko wahala kawai yara ke sha? Mu a Kumasi ko sunansa bamu taba ji ba.

Maman Hanifa:
Yana da gaba Alhaji. Zai dawo Olamfik a Los Angeles 2028, na mutum shida-shida, rabon da a ba da lambar yabo a kansa tun 1908 a Landan. Uganda ma sun je gasar duniya a Denver a 2014, su ne na farko daga Afirka. Nan Kanada kuwa shi ne wasan kasa na bazara a dokance tun 1994.

Baban Khalifa:
Yan uwa na dawo da labari, kwana tara kenan. Mun yi rinin daren Juma'a a gareji da tukunyar da na samo a shagon gwanjo, yadda Dan Karofi yace, baki tukuna sannan wuya, tsakiya da tef. Koren ya fito kamar ganyen dogon yaro bayan ruwa, wajen rami daya a hagu ruwa ya dan shiga karkashin tef ya bar wani siririn layi, nace mu sake yace a'a a bar masa, da shi zai rika gane tasa. Dauri kuwa sau uku muka kwance, na farko sama tayi sako-sako kamar yadda Koci ya fada, na biyu na tsallake rami a dama ban tsallake a hagu ba. Na uku ban taba ba, shi ya karba ya zauna a kasa da takardarsa yana kirga ramuka da baki, ni nawa rike laita kawai. Ya sa kwallo a aljihun ya danne da wukar bota ta kwana a haka, kwana hudu yana zuwa bangon bayan makaranta yana jifa har magariba, ya dawo ya dan ja zaren kasa sau daya.
Jiya aka yi wasa. Bai ci kwallo ba amma ya ba da biyu aka ci. A zango na uku alkalin wasa ya nuna shi yace kawo sandar, na ji gabana ya fadi, shi kuwa ya mika ya tsaya hannu a kugu. Mutumin ya sa kwallo ya daga, ya auna da tef, ya juya kwallo ta gangaro, ya mika masa abarsa. Yanzu haka kawuna biyu na abokansa suna kan teburin gareji sun kawo ya daura musu. Dan Maradi, yaron yace in tambaye ka fatar nan sai an jika ta kafin a fara ko a bushe ake sa ta?